Yadda Baba Arzika Ya Ƙetare Hammar Ƙasa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ɗaga sama babu ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa babu turke, ya ba tsuntsu fiffike, ya ba ɗan Adam ƙafa da zuciyar da ba ta taɓa yarda cewa ƙafar ta ishe ta ba. Bayan haka, ya ku jama'a, ku gyara zama. Ni ne Korau ɗan Nomau, maƙerin farfaru daga Birnin Sabara. Na yi yawon duniya har takalma suka gaji da ni, na sha ruwan rijiyoyin da ban san masu su ba, na ci abincin da ko sunansa ban sani ba. Amma cikin duk abin da idona ya gani, babu wanda nake son ba ku labarinsa kamar wani tsoho mai ƙonannen gemu, wanda ya koya wa tagulla da tukurwa tashi sama.

A garinmu ba a haɗa hannuna da na kowa wajen aikin tagulla da azurfa, kuma ba na jin kunyar faɗa, don gaskiya ce. Ina cikin wannan jin daɗi, wata rana da hantsi ina cin ɗumame, sai na ji wani abu yana tari a sama. Kafin in ɗaga kai ya faɗo kan akurkina, kaji suka watse. Na je na duba, sai ga wani abu mai siffar tsuntsu. Ƙashinsa tukurwa ce da aka fere, fukafukansa yadi ne da aka shafe da ƙaro, a hancinsa akwai ɗan katako mai kunne biyu da ke juyawa, wanda daga baya na ji ana kiransa farfela. A ƙirjinsa kuwa akwai ɗan inji, girmansa bai wuce ƙwan zabo ba.

Na kwance injin a kan tabarma, na duba shi da kyau. An buga tagullar ta yi siriri kamar ɓawon albasa, an haɗa ta yadda ido ba ya ganin wurin haɗin. Ga wani ɗan tulu da sauran baƙin mai mai wari a ciki, ga ɗan ƙyastu da ke ba da wuta da kansa idan farfelar ta juya. Na mayar da komai inda yake, na zauna ina huci. Ashe akwai mutum a duniyar nan da hannunsa ya fi nawa, yana can yana cin tuwonsa hankali kwance, ni ban ko san sunansa ba! Abin ya hana ni sakat. Na rufe maƙera, na bar wa maƙwabcina kaji, na naɗe tsuntsun a zane, na fuskanci inda iskar ta kawo shi.

Bayan tafiya mai tsawo na faɗa ƙasar Zugur, wadda sarkinta ba shi da abin so kamar tsuntsaye. Fadarsa keji ne a kan keji, fadawansa ma da fito suke gaishe shi. A ƙofar gari masu gadi suka kwance kayana, suka ga abin da na naɗe, suka tisa ƙeyata sai gaban sarki. Sarki ya karɓi tsuntsun, ya juya shi, ya shafa bayansa, ya sa aka kawo gero.

"Me ya sa ba ya ci?" in ji sarki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ƙira ce, ba halitta ba ce."

"Ƙarya kake yi. Da yunwa ka bar shi har ya bushe. A kulle mini wannan azzalumi. Ranar da tsuntsu ya ci hatsi, ranar shi ma zai ci."

Na yi zaman ɗakin nan har haƙarƙarina suka fara fitowa gaisuwa. Da na ga abin ba na wasa ba ne, sai na aika wa sarki cewa na tuna, irin wannan tsuntsu ba ya cin komai sai ya miƙe fukafukai a kan ganuwa, a hannun ubangidansa. Aka hau da ni, gari duka ya fito kallo. Na murza farfela da yatsa, ina roƙon Allah ya sa sauran man nan bai bushe ba. Injin ya yi tari, ya ƙara, sai ya kama. Na sake shi. Jama'a, ya tashi! Ya bi ta kan rawanin sarki ya nufi yamma yana ɗan hayaƙinsa, sarki da fadawa da masu gadi suka bi shi a guje, kowa kansa a sama, wasu suna afkawa cikin rijiyoyin marina. Ni kuwa na sauka ta ƙofar gabas, na ɗebi dafaffen rogo a farantin wata mai talla da ita ma ta bi su, na ba wandona iska.

Na tsira, amma na rasa abin da zan nuna in yi tambaya. Sai Allah ya taimake ni, a cikin dajin da ke gaba na hango wani irinsa maƙale a kan kuka. Na ƙara gaba na sami wani a wata fadama, manoma sun kafa shi yana kore musu tsuntsayen nan jan baki daga shinkafa. Daga nan sai suka yi ta yawa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, duk yadda na ƙara matsawa, sai aikin ya ƙara muni. Wani injinsa jijiyar sa ce da aka murɗa, wani mafitsarar akuya ce da aka hura, wani gashin angulu aka manna masa da ƙaro. Na ƙarshe da na tsinta, a gindin ganuwar wani gari, sakaina ce kawai da gashin kaza. Nan na gane ina bin rayuwar mutumin ne daga tsufansa zuwa ƙuruciyarsa: na farkonsa a bakin ƙofa suka faɗi, na baya ne suka yi nisa.

Sunan garin Kwargaba. A ƙofar wani gida na tarar da wata dattijuwa tana kaɗi, ana kiranta Inna Kande, wadda mazari ba ya barin hannunta ko magana take yi ko faɗa, kuma duka biyun tana yinsu da yawa. Na nuna mata sakainar.

Ta ce, "Au, kai ma mahaukacin mijin Yayata ya jawo ka? Sha ruwa tukuna, ka zo ka ga abin da ya haukata shi."

Ta kai ni bayan gari. Ƙasa ce ta buɗe baki, ba a ganin gindinta, ba a ganin ƙarshenta dama ko hagu. Can nesa a ɗaya gefen ga gidaje da hayaƙin girki, mutane kuwa kamar tururuwa. Inna Kande ta ce sunan wurin Hammar Ƙasa. Tun tana budurwa, wata ranar kasuwa, ƙasa ta girgiza ta tsage garin biyu, kasuwa da rabin unguwanni suka koma can. Kibiya ba ta kaiwa, murya ba ta kaiwa, waɗanda suka tafi neman ƙarshen ramin suka dawo suka ce ta kowane gefe cikin teku ya shige, tekun da jirgin ruwa ba ya shiga ya fito.

"Yayata Tabawa ba ta daɗe da tarewa ba," in ji ta. "Daddawa ta je saye. Mijinta Arzika yana nan, ita tana can. An yi an yi ya ƙara aure, ya ce matarsa ba ta mutu ba, kasuwa ta je."

Na shiga maƙerar Baba Arzika da niyyar in gaya masa ko ni wane ne. Na tarar da wani siririn tsoho, gemunsa rabi fari rabi ƙonanne, gira ɗaya babu, yana sunkuye kan wani ƙarfe. Na yi sallama, na fara jero sunayen kakannina maƙera.

Ya ce, "Madalla. Riƙe mini nan."

Na riƙe. Riƙon da na yi ke nan har damina ta wuce ban saki ba.

Jama'a, na ga aiki. A jikin bangon maƙerar ya jera injunan da ya yi tun yana saurayi, bai yar da ko ɗaya ba, kuma kowanne yana kiransa da abin da ya koya masa. Ga na tururi, da tukunyar tagulla da murhu, yana da ƙarfi kamar bijimi, amma nauyinsa sai ƙarti sun taru. Ga na iska, wanda ake cika salka da zuga-zugi a sake ta a hankali, shi kuwa numfashinsa gajere ne. Ga na albarushi, wanda ya ci gemun da girar, ya kuma aika rufin maƙera gidan maƙwabta. Na ƙarshe shi ne mai shan baƙin man da ke tsattsafowa daga wani dutse a bayan gari, wanda Baba Arzika ke tacewa har ya yi haske. A tsakar gida ya kafa wani dogon gora mai juyawa a kan turke, yana ɗaura fiffike a bakinsa, ya sa jaki ya zagaya da shi, shi kuma yana duba wanne ne ya fi ɗagawa. Ta haka ya gano fiffike shimfiɗaɗɗe ba ya tashi da kyau sai an ɗan lanƙwasa bayansa. Komai sai ya ɗora a ma'auni, har ƙusa. Idan ƙaramin tsuntsu ya faɗi, ba ya tsaki, sai ya tsuguna ya yi ta kallon karayar kamar mai sauraron bayani. Ni da nake ji da kaina, a gabansa na koma mai miƙa awartaki, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamar lokacin ba.

Na tambaye shi me ya hana ya ɗaura wa ƙaramin tsuntsu zare ya aika da shi, mutanen can su ja zare, zare ya ja igiya, a yi gada.

Ya ce, "Ka ɗauka ban gwada ba? A tsakiyar ramin akwai guguwar da ba ta kwanciya. Ƙaramin ba shi da hankali, in ta kama shi sai ta maido shi ta kanmu ta wurga shi duniya, shi ya sa ya faɗa wa kajinka. Angulu kaɗai ke wucewa, don ita ba ta faɗa da iska, kwantar da fiffike take yi ta bi ta. Sai da mutum a ciki, Korau."

Kowace safiya yakan ɗauki wani madubin hange da ya ƙera, ya je bakin ramin. Wata rana ya miƙo mini. Na hango wani farin dutse, da wata tsohuwa a kansa, mutum biyu suna tallafe da ita.

"Bara da ƙafarta take zuwa," in ji shi. "Bana ɗauko ta ake yi. Ba ni da wata shekarar gwaji."

Muka duƙufa. Muka ƙera babban, wanda mutanen gari suka sa wa suna Shamuwa, fukafukansa sun fi zaure faɗi, amma mutum biyu suna ɗaga shi. Matan gari duka, Inna Kande a gaba, suka kaɗa zare siriri mai ƙarfi, aka naɗe shi a wani babban kwarkwaro da za a kafa a bakin ramin. Maza suka share gangaren da za a tura shi. Aka sa rana.

To, a nan ne na haɗu da abin da ya fi sarkin Zugur wuya, wato ƙaunar mutanen Kwargaba. Suna da wata al'ada da suke kira rataya. Duk wanda zai yi tafiya, kowane gida sai ya rataya wa abin hawansa wani abu, don albarkar gidan ta raka shi. Wanda ya mayar da rataya, ko ya bar ta a baya, ya yanke kansa daga gari: ba a amsa sallamarsa, ba a ba shi wuta, ba a taya shi aiki, in ya mutu ba a bin gawarsa. Ga shi kuma tun da ƙasa ta tsage ba a taɓa samun mai zuwa can ba, kowa yana da ɗan'uwa a ɗaya gefen.

Ana saura kwana kaɗan muka fito da safe, na ga abin da aka yi wa Shamuwa. An rataya mata tulun zuma a fiffike, da buhun gero, da ƙwaryar man shanu, da tabarmi, da mundaye, da wani zakara a kwando. A kan kujerar matuƙi kuwa Inna Kande ta ɗora dutsen niƙan mahaifiyarsu, ta ce na Yaya Tabawa ne, gadonta ne da ta daɗe tana ajiye mata. Tukurwar ƙasa har ta fara lanƙwasa. Raina ya ɓaci, na fizge tulun zuman nan na dire shi a ƙasa, na ce, "Kashe shi za ku yi? Wannan jirgi ne ko amalanke?"

Mata suka fara matsawa wajen kwarkwaron, kowace tana shirin kwance zarenta. Inna Kande ta nuna ni da mazari.

"Baƙo, kai ba ka san komai ba, mun yafe maka. Amma in shi ne ya sa ka, ya faɗa da bakinsa. Yaya Arzika, ka mayar mana da rataya ne?"

Baba Arzika ya sunkuya, ya ɗauki tulun da hannu biyu, ya mayar inda yake, ya yi wa mai shi godiya har da durƙusawa. Sannan ya ɗauko wani ƙaramin tsuntsu ya tashe shi, ya zagaya fili ya sauka lafiya. Ya roƙi Inna Kande munduwarta, ya rataya masa, ya sake tashinsa. Tsuntsun ya yi tangaɗi, ya dunguri ƙasa, ya karye. Na ce a raina to, yanzu kam sun gani da idonsu.

Sai wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Kun gani ko? Rataya ɗaya ta yi kaɗan, shi ya sa ya faɗi. A ƙaro wa babban."

Wallahi da na sami rami kusa da ya fi wancan ƙanƙanta, da na shiga. Kafin azahar an ƙaro turmi.

Na ce wa Baba Arzika mu kwashe kayan nan kawai ya tashi. Ya ce, "Wa zai tura ni gangara? Wa zai bar mini zarensa? Kuma ka ɗauka mutanen can ba Kwargabawa ba ne? In na sauka suka ji na watsar da rataya, ko Tabawa sai ta juya mini baya. Mutanen nan ba wauta ce ke damunsu ba, kewa ce. Bari in yi tunani."

Ya zauna a gindin gora mai juyawa yana kallon jakinsa har la'asar. Washegari ya sa aka tara dattawa a ƙofar Maigari, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya ce yana da tambaya.

"Allah ya ba ku nasara, in madugu ya fita da ayari, aka yi masa rataya ta fi ƙarfin raƙuminsa, ya ɗora a raƙumin baya, ya bar ta ne ko ya tafi da ita?"

Suka ce, "Ya tafi da ita mana, muddin akala ɗaya ta haɗa su."

"To, ni ne raƙumin gaba. Zaren matan nan shi ne akala. A ɗaura wa zare igiya, a ɗaura wa igiya kwando, a zuba rataya a ciki, har da turmi. Zan wuce gaba, kayanku su biyo ni."

Dattawa suka yi ta jan gemu, suka juya maganar gaba da baya, ba su ga inda ta karya al'ada ba. Inna Kande ce kaɗai ba ta saki ba.

"In akalar ta tsinke fa? Ko ta kuɓuce?"

Baba Arzika ya ce, "To, na bar rataya a baya. Ku yi mini abin da ake yi wa wanda ya bari."

Ya juyo ya dube ni ya ce ni zan tsare kwarkwaro. Na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙan nan a ƙirji.

Ranar tafiya iska ta tashi da ƙarfi fiye da yadda muke so. Baba Arzika ya jiƙa yatsa ya ɗaga, ya ce sai an ƙara mai, in an ƙara mai kuwa sai an rage wani abu. Ya hau ma'auni. Ya cire rawani, bai isa ba. Ya cire babbar riga da takalma, bai isa ba. Ya tuɓe 'yar shara, ya rage daga shi sai gajeren wando, ƙasusuwansa a waje. Inna Kande ta rufe ido da hannu ɗaya, ɗayan yana kaɗi.

"Innalillahi! Haka za ka je gaban surukai, tsirara, hannu rabbana? Wallahi Yaya ta yi asarar jira."

Ya yi dariya ya ce, "Kaya suna baya, Kande." Amma na ga hawaye suna bin kumatunta, bakin yana tsiya, idon yana kuka.

Ya kwanta a kan kujera, ya kama igiyoyin da ke lanƙwasa bakin fukafukai, ya ce bismillah. Na murza farfela. Injin ya yi tari, ya kama, ya yi ruri har ƙasa tana rawa. Maza suka tura, Shamuwa ta gangara, ta ƙara gudu, ta kai bakin rami, ƙasa ta ƙare a ƙarƙashinta. Ta yi ƙasa, mata suka yi salati. Sai ga ta ta ɗago, ta miƙe a kan iska, rana tana haskaka fukafukanta, da ɗan tsohon nan a ciki kamar ƙadangare a kan reshe. Ban san ina ihu ba sai da maƙogwarona ya yi zafi. Na taɓa ganin sarakuna da dukiya, ban taɓa ganin abin da ya kai wannan kyau ba.

Da ya kai tsakiya guguwa ta karɓe shi. Ta juya shi, ta ɗaga shi, ta nufo da shi wajenmu kamar yadda take yi wa ƙananan. Sai na ga fiffiken hagu ya kwanta. Bai yi faɗa da ita ba, ya bi ta, ya zagaya da ita, ya yi ƙasa cikin ramin har ya ɓace mana. Zare kuwa sai gudu yake yi, kwarkwaro yana kuka, yana ƙona mini tafin hannu. A nan na lura da abin da babu wanda ya yi tunaninsa: mun kaɗa zaren miƙaƙƙiyar hanya, shi kuwa ga shi yana zagaye. Katakon kwarkwaro ya fara bayyana.

Na ƙwala ihu, "Zare zai ƙare!"

Kafin in rufe baki Inna Kande ta ture ni. Ta kamo bakin zaren tun bai bar katako ba, ta ƙulla shi da na mazarinta, ta ɗaga mazarin sama yana warwarewa. Ta waiwaya ta ce, "Ku kuma me kuke kallo?" Matan Kwargaba ba sa fita babu mazari. Suka jeru a bayanta, wannan ta ƙulla a gindin na waccan, waccan ta ƙulla a na gaba, yatsu suna aiki da sauri ido ba ya bi. Mazari ya ƙare, wani ya karɓa. Wata tsohuwa da nata ya ƙare ta fara warware bakin zanenta. Ni dai ina tsaye ina riƙe da zaren tsakanin yatsu yana wucewa da jinina, ina addu'ar kada ƙulli ɗaya ya saki.

Can sai muka ga wani ɗan farin abu ya ɓullo daga cikin ramin a ɗaya gefen, yana hawa da ƙyar, hayaƙinsa yana yankewa. Ya kai baki, ya dunguri ƙasa kusa da farin dutsen nan, ƙura ta tashi. Zare ya saki, ya kwanta a hannuna.

Na ɗauki madubin hange, ban ga komai ba sai taron mutane da karyayyen fiffike. Ban san ko zaren yana haɗe ba, ban san ko mai zaren yana da rai ba. Muka tsaya har rana ta take tsaka. Sai na ji wani ɗan motsi a yatsana. Zaren ya miƙe, ya ja a hankali, ya ƙara ja. Inna Kande ta rangaɗa guɗar da har yau take cikin kunnena.

Zare ya ja tsarkiya, tsarkiya ta ja igiya, igiya ta ja wadda ta fi ta kauri. Kafin sati ya zagayo kwando yana zuwa yana dawowa. Rataya ta fara wucewa, zuma da gero da turmi da zakara, ba a bar ko allura ba. Da aka zo kan dutsen niƙa aka ce sai da mai riƙe shi, Inna Kande ta ce baƙon nan mai bakin tsiya ya dace. Na zauna a kansa, na rufe ido tun daga wannan baki har wancan, abin da na karanta a hanya kuwa ya fi wanda na karanta tun haihuwata.

Na tarar da Baba Arzika kwance a kan tabarma a wata rumfa, an ɗaure masa ƙafa da karare, sanye da wata rigar aro da ta yi masa yawa. Kusa da kansa Inna Tabawa ce zaune, jingine da bango, ƙanƙanuwa, numfashinta sama-sama, tana ba shi kunu da ludayi ko da yake hannayensa lafiya lau suke.

Ta dube ni ta ce, "Kai ne Korau? Kai ka bar shi ya fito gaban mutane babu riga?"

Na ce, "Inna, ma'auni ne ya tuɓe shi, ba ni ba."

"Kuma wa ya ƙone masa gemu? Na bar mutum da kyansa." Ta sa hannu ta shafa wurin da girar ta ƙone, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Na ba su wuri, na je na duba Shamuwa. Fukafukai sun tafi, amma injin bai yi komai ba. Na dawo da zumuɗi na durƙusa, na ce, "Baba, injin yana nan da ransa. In ƙafarka ta warke mu sake mata fiffike, mu ƙara faɗinsa, mu ƙara tulun mai. Wallahi sai ka kai teku, sai ka ga ƙasashen da ko ni ban gani ba."

Ya ce, "Ɗauki injin, naka ne. Ka san duk abin da na sani, sauran kuma faɗuwa za ta koya maka."

"Kai fa, Baba? Ba za ka sake tashi ba?"

Ya dubi tsohuwar da ke hura masa kunu, ya dube ni.

Ya ce, "Korau, ina kuma zan je?"